ƘWALLON HANNU NA MATA: ANGOLA TA YI NISA, MU MUNA NAN MUNA RABON KOFIN SIYASA

Jama'a, yau ba maganar taki ko albashi zan yi ba. Maganar ƙwallon hannu na mata ce, kuma na san tun daga nan wasu za su ja yatsa su wuce, wasu kuma su tsaya don su rubuta mini "Malam, da duk matsalolin da ke damunmu wannan ka gani?" Ku ɗan yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, sannan a zage ni da hujja.

Ranar 1 ga Yuni, 2025, aka rufe kakar Gasar Zakarun Turai ta ƙwallon hannu ta mata a birnin Budapest na ƙasar Hangari. Ƙungiyar Győr ta doke Odense ta ƙasar Denmak da ci 29 da 27, ta ɗauki kofin karo na bakwai. Ƙungiyoyi 16 ne ke shiga gasar, a raba su gida biyu, takwas-takwas, su fara karawa tun watan Satumba, gida da waje, har a tace huɗu da za su haɗu a Budapest a kammala cikin kwana biyu. A wasan ƙarshe na 2023, mutum dubu ashirin da 'yan kai ne suka shiga ɗakin wasan, kuma mata ne ke buga wasan.

Győr ɗin nan ba wani babban birni ba ne. Mutanen garin ba su wuce dubu ɗari da talatin ba, wato birnin Katsina ya ninka shi. Abin da suke da shi da mu ba mu da shi abu uku ne: kamfanin motoci na Audi da ke da masana'anta a garin ya ɗora sunansa da kuɗinsa a kan ƙungiyar, akwai tsarin renon yara mata tun suna ƙanana, sannan mutanen gari suna sayen tikiti suna cika ɗakin wasa.

Na san amsar da ke bakin wasu: ai waɗannan Turawa ne, ina mu ina su. To mu bar Turai, mu dawo gida Afirka.

Angola ta yi yaƙin basasa daga 1975 har zuwa 2002. Shekara ashirin da bakwai ana harbe-harbe. Duk da haka ƙungiyoyi biyu na birnin Luwanda, Petro da Primeiro de Agosto, su suka mamaye gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Afirka shekara da shekaru, in wannan ta ajiye kofi waccan ta ɗauka. Petro tana jingine da kamfanin man fetur na ƙasar, Sonangol, ita kuma Primeiro de Agosto tana jingine da rundunar soja. A 2019 da aka shirya gasar ƙungiyoyin mata ta duniya karo na farko a birnin Wuxi na ƙasar Sin, Primeiro de Agosto ce ta ɗauko kofin. Ƙungiyar ƙasarsu kuwa ta ci kofin Afirka fiye da sau goma sha biyar, na baya-bayan nan shi ne na 2024 a Kinshasa.

Ga abin da ya kamata ya ba mu kunya. A 1991, Najeriya ce ta ɗauki kofin Afirka na ƙwallon hannu na mata a birnin Alƙahira. Wannan nasara ce ta kai matan Najeriya gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Daga wannan shekara zuwa yau ba mu sake ɗaukar kofin ba, ba mu sake leƙa Olamfik a wannan wasa ba. Fiye da shekara talatin. Man fetur ɗin da Angola ke taƙama da shi muna da shi. Yawan jama'a mun ninka su sau da yawa. Yaƙin da suka sha fama da shi a lokacin mu ba mu yi irinsa ba. Kawai su sun riƙe abinsu, mu muka saki namu.

Kuma wani abin da yaran yanzu ba su sani ba, ƙwallon hannu wasa ne da Arewa ke da ƙarfi a cikinsa. Kano Pillars ta ƙwallon hannu ta maza ta ɗauki kofin ƙasa ba sau ɗaya ba. Akwai Niger United ta Minna, akwai ƙungiyoyin Rima na Sakkwato, maza da mata, akwai Kada Queens ta Kaduna, akwai Plateau Peacocks ta Jos. Mu ma Katsina muna da suna a littafin: Desert Queens. Ta buga babbar gasar ƙasa da aka farfaɗo da ita a 2018 lokacin da kamfanin Prudent Energy ya ɗauki nauyi. Don Allah ku gaya mini gaskiya a ƙasan rubutun nan, mutum nawa a cikinku suka taɓa jin sunan Desert Queens? Mutum nawa za su iya faɗin sunan 'yar wasanta ko guda ɗaya? Amma in na tambayi wanda ke zaman benci a Chelsea, yaron da ke tura baro a kasuwar Kankia zai lissafo mini har da albashinsa na mako.

To ga waɗanda nake tuhuma, kuma rukuni uku ne.

Rukuni na farko mu ne, ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasar da muke yi wa aiki. Na shafe shekaru ina ganin yadda ake rubuta kasafin kuɗi, kuma na san abin da kalmar "wasanni" ke nufi a kan takarda. Tana nufin ƙwallon ƙafa na maza, shi ke nan. A matakin ƙaramar hukuma ma ba ƙwallon ƙafa ake nufi ba, gasar cin kofin mai girma wane ake nufi. Zaɓe na ƙaratowa sai a buga riguna da hoton ɗan takara a ƙirji, a sayo kofin roba mai ruwan zinare, a kafa rumfa, a kira maroƙa da masu kiɗa, a yi wasan ƙarshe, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata uku ka je filin, awaki ne ke kiwo, turakun raga ma an cire an yi danni da su. Kuɗin rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi na wannan rana guda ya isa a yi wa makarantar 'yan mata fili da ƙwallaye. Ba a yi, saboda yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ba ta da katin zaɓe, kuma ba ta iya yin ihu a bayan mota.

Sannan akwai cutar nan tamu ta fafe gora ranar tafiya. Sai an ji gasar wasanni ta ƙasa ta matso, kamar wadda aka yi a Asaba a 2022 ko ta Abekuta a watan Mayun 2025, sannan a fara neman 'yan wasa. A tara yara 'yan makonni, a ce ana sansanin horo, alawus ɗinsu ya maƙale a fayil, jami'ai masu rakiya su kusa fin 'yan wasa yawa. A je a sha kashi, a dawo a rubuta rahoto cewa rashin kuɗi ne. Wadda za ta kara da su kuwa ta shekara biyar tana atisaye kullum. Ta yaya za ka yi shuka yau ka ce gobe za ka kai dawa kasuwa?

Rukuni na biyu su ne masu cewa wasan mata ya saɓa wa addini da al'ada. Waɗannan ina girmama su, domin da yawansu kishin tarbiyya ne ya sa su magana, kuma nima uba ne, ina da 'ya'ya mata. Amma mu yi wa juna adalci. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata. Malamanmu sun fi ni sanin wannan. Ashe gudun mace da motsa jikinta ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce sutura da cuɗanya da maza, kuma duka biyun suna da magani mai sauƙi: fili a cikin katangar makarantar 'yan mata, mai horarwa mace, alƙaliyar wasa mace, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi mai kama kai. A gasar Olamfik ta 2016 an ga 'yar Masar Doaa Elghobashy ta buga ƙwallon raga da hijabinta, an ga Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci lambar tagulla a wasan takobi da nata hijabin. Tunisiya ƙasar Musulmi ce, kuma matanta sun ɗauki kofin Afirka na ƙwallon hannu a 2014.

Su kansu Turawan da muke tsoron kwaikwaya ba bakinsu ɗaya ba a kan tsiraici. A 2021 aka ci tarar ƙungiyar matan Norwe ta ƙwallon hannu na bakin teku Yuro 1,500 saboda sun ƙi sa ɗan kamfan da doka ta tilasta musu, suka sa gajeren wando. Duniya ta yi caa, aka canza dokar. In har matan Norwe za su tsaya su ce ga suturar da suke so, me zai hana mu tsara tamu?

Kuma ga tambayar da nake so mai wannan ra'ayi ya amsa mini tsakaninsa da Allah. Yarinyar nan da ka ce kada ta yi wasa a cikin makaranta, a gaban malamarta, ina take da ƙarfe biyar na yamma? Tana bakin titin Kano zuwa Katsina da farantin gyaɗa ko awara a kai, tana bin motoci, direbobi da 'yan kamasho suna faɗa mata abin da suka ga dama. Ranar kasuwa tana can har bayan magariba. Wannan bai tayar mana da hankali ba, mun saba da shi. Amma a ce ta yi minti talatin tana jefa ƙwallo da 'yan ajinsu, nan ne tarbiyya za ta lalace? Haba jama'a.

Al'ada kuma da ake ta ambato, wace al'adar? Iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali, sun yi carafke, sun yi 'yar gala-gala. Yarinyar da ta tashi a Tafashiya ko ƙauyukan Kusada tana surfe da daka, tana jan guga a rijiya, tana ɗauko itace daga daji. Ƙarfin damtse da saitin hannu da ƙwallon hannu ke buƙata, ita tana da su tun kafin ta ga ƙwallon. Mu ne muka zo daga baya muka kashe dandali, ba mu maye gurbinsa da komai ba sai wayar hannu. Yanzu ku leƙa asibitocinmu ku ga layin mata masu hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, wasunsu ba su kai shekara arba'in ba. Likita ya ce su riƙa motsa jiki, su motsa a ina, alhali tun suna yara aka koya musu cewa abin kunya ne?

Rukuni na uku su ne 'yan gidan kallo da 'yan sharhin Facebook, masu cewa wasan mata ba wasa ba ne. Malam, ka taɓa kallo? Mutum bakwai-bakwai ne a fili, minti talatin a juya, minti talatin a tashi. Ba a riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku a tsaye, ba a taka fiye da taku uku da ita a hannu. Wanda ya yi ƙeta a fitar da shi na minti biyu. A wasan ƙarshen da na ambata an jefa ƙwallo 56 a raga cikin awa ɗaya. Kai kuma ka biya kuɗin shiga, ka zauna minti casa'in a cikin zafi da ƙarar janareta, a tashi babu ci, ka fito kana zagin wani koci da bai san da zamanka a duniya ba. Ka shiga YouTube ka rubuta sunan Győr ko Petro, ka kalli minti goma, sannan ka dawo mu yi magana.

A watan Yulin 2025 da Super Falcons suka ɗauko kofin Afirka karo na goma a Maroko, kowa ya zama masoyinsu. Da Shugaban Ƙasa ya sanar da kyautar dala dubu ɗari da gida ga kowace 'yar wasa, sai kuma aka koma lissafin kuɗin da Naira ana cizon yatsa. Bayan 'yan kwanaki D'Tigress suka ɗauko na ƙwallon kwando karo na biyar a jere, su ma aka yi musu irin wannan kyauta. Na ga masu rubuta "ina 'yan Arewa a ciki?" Suna inda muka ajiye su. Wanda bai yi noma ba ba ya zuwa awo ranar sussuka.

Yanzu bari in ɗauko hujjoji biyu masu nauyi da na san za a kawo, don ba na so a ce na kauce musu.

Ta farko ita ce tsaro. Gaskiya ne, jiharmu ta ga bala'i. Babu wanda ya manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da ɗari uku da aka kwashe a watan Disambar 2020, da yadda aka rufe makarantun kwana bayan nan. Uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta hau mota zuwa wata ƙaramar hukuma don wasa ba, ban ga laifinsa ba. Amma abin da nake nema bai fara da tafiya ba. Ya fara da aji da aji a cikin makaranta ɗaya, da rana tsaka. Sannan makaranta da makaranta a cikin gari ɗaya. Kuma in rashin tsaro hujja ce ta dakatar da wasa, me ya sa bai dakatar da gasar kofin mai girma wane ba? Angola ba ta jira an ajiye bindiga ba kafin ta ɗauki kofinta na farko a 1989.

Ta biyu ita ce kuɗi. Ana fama da rufin aji da kujeru, ina aka ga na wasa? To mu yi lissafi. Filin ƙwallon hannu tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20. Cikakken filin ƙwallon ƙafa guda zai ɗauki irinsa shida. Ragar faɗinta mita 3, tsayinta mita 2, duk mai walda a Kankia zai haɗa ta da bututun ƙarfe cikin yini ɗaya. Layi kuwa da toka ko farar ƙasa ake ja. Ba a buƙatar ciyawa, ba a buƙatar takalmi mai ƙusa. A duk wasannin ƙungiya da wuya ka sami mai arha kamarsa. Kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don a riƙe 'yan mata a makarantun sakandare. In ana gyara azuzuwa da banɗakuna don yarinya ta zauna a makaranta, a ƙara da abin da zai sa ta riƙa ɗokin zuwa. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ya san yaron da ke cikin ƙungiyar makaranta ba ya fashi.

Wani zai ce to ta yi wasan, gobe a yi mata aure, an yi asara. Ina asarar take? Lafiyar da ta samu tana nan. Ita ce gobe za ta zama malamar motsa jiki ko mai horarwa da muke cewa babu. Hukumomin kayan sarki na ƙasar nan suna riƙe da ƙungiyoyin mata: Safety Babes ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, da Defender Babes ta Sibil Difens. Ƙofa ce ta aiki da 'ya'yan wasu ke shiga, namu suna waje. Aure kuma bai hana wasa ba. Katrine Lunde, wadda ta tsare ragar Norwe, uwa ce, kuma ta ci zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024 tana da shekara 44.

Akwai darasi guda daga kakar Turai ta 2024/2025 da nake so masu kuɗinmu su ji. Ƙungiyar Vipers ta garin Kristiansand a Norwe ta ɗauki kofin Zakarun Turai sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023. A watan Janairun 2025 ta durƙushe saboda bashi, ana tsakiyar gasa, 'yan wasanta suka watse. Zakarar Turai ke nan, a ƙasa mai arzikin mai. Ƙungiyar da ba ta da tsayayyen tushen kuɗi ba ta daɗewa komai yawan kofunanta. To ina ga wadda ke jiran sai fayil ya fito daga ofis kafin ta sayi ƙwallo? Shi ya sa maganar ba ta gwamnati kaɗai ba ce. Jihar nan tana da attajirai, masu gidajen mai da manyan motoci da kamfanonin gine-gine. Ɗayansu zai iya riƙe gasar makarantun 'yan mata ta shiyya guda tsawon shekara biyar da abin da bai kai kuɗin bikin 'yarsa ba.

Ga abin da nake nema, kuma ban nemi abin da ya fi ƙarfinmu ba.

Kowace sakandaren 'yan mata da ke Kankia da Kusada da Ingawa a ja mata fili a cikin katanga, a ba ta raga biyu da ƙwallaye. A zaɓi malama mace ɗaya a kowace makaranta a tura ta kwas na horarwa, Hukumar Ƙwallon Hannu ta Najeriya tana da masu koyarwa. A zauna da malaman addini da iyaye tun farko, su sa baki a kan sutura da lokaci da wurin wasa, kada a kawo musu abu daga sama. A sa gasar makarantu a kalandar zangon karatu, da ranarta, kowace shekara, ko da zaɓe ko babu. A kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi 34, a ware wa wasannin mata layinsu daban, don a daina ɓoye su a ƙarƙashin "wasanni" ana cinye rabonsu. Waɗanda suka yi fice a gasar makarantu su zama su ne ake ɗiba zuwa Desert Queens, a daina neman 'yan haya daga wasu jihohi in gasa ta matso. Gidajen rediyonmu kuma su ba wasan ko minti biyar ne a shirin wasanni, maimakon a ƙare lokaci kan cinikin 'yan wasan Ingila.

Ban ce gobe za mu doke Petro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarinyar da aka miƙa wa ƙwallo bana tana shekara goma sha biyu, sai nan da shekara takwas za a ga amfaninta. Wannan ya fi wa'adin kowane shugaban ƙaramar hukuma tsawo, shi ya sa ba sa so. Aikinmu ne mu sa su so.

Mai girma kansila, mai girma ciyaman, ɗan majalisarmu na jiha da na tarayya, na san akwai masu karanta muku abin da ake rubutawa a nan. A isar muku. Shugabannin makarantu da 'yan kwamitin iyaye da malamai, ku ba ku buƙatar jiran kowa, toka da igiyar awo da mai walda suna nan a garinku. Iyaye 'yan'uwana, wanda ke da ja a kan abin da na faɗa ya zo da hujjarsa a ƙasa, zan amsa da mutunci. Wanda kuma ya san tsofaffin 'yan wasan ƙwallon hannu mata a yankinmu, ya nuna musu wannan rubutu, domin su za mu fara nema in za a tayar da abin.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba jiharmu zaman lafiya.